Fararen Hanyoyin Tuskani da Masu Keken da Ke Bin Su

A tsakiyar ƙasar Italiya, a yankin Tuskani, musamman kewayen birnin Siyena, akwai hanyoyin karkara da ba a taɓa zuba musu kwalta ba. Mutanen wurin suna kiransu strade bianche, wato fararen hanyoyi, saboda an shimfiɗa musu dakakkiyar tsakuwa ta dutsen farar ƙasa. In rana ta buɗe sai su yi fari fat, ana hango su daga nesa suna lanƙwasa tsakanin gonakin inabi da na zaitun. Kusan su ne hanyar burji ta can, sai dai tasu fara ce. A yau masu hawan keke daga ƙasashe da dama suna yin takakkiya domin su bi su.

Asalinsu hanyoyin manoma ne. Shekaru aru-aru noman Tuskani yana tafiya bisa tsarin raba daidai: mai ƙasa ya ba iyali gona da gida, in an girbe a raba amfani biyu. Kowane gidan gona yana zaune shi kaɗai a kan tudunsa, don haka sai da hanya ta haɗa shi da na kusa, da majami'a, da kasuwa. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 tsarin ya rushe, manoma suka yi ta ƙaura zuwa birane neman aikin masana'antu. Hanyoyin da motoci suka yawaita a kansu aka zuba musu kwalta, sauran kuma ana jiran ranar da za a iso kansu.

A 1997 wani mutumin garin Gaiole mai suna Giancarlo Brocci ya shirya wata tafiyar keke da ya sa wa suna L'Eroica, ma'ana ta jarumai. Mutum 92 ne suka fito a karon farko. Manufarsa biyu ce: tunawa da yadda ake tseren keke a da, da kuma jawo hankalin hukumomi kada a binne fararen hanyoyin a ƙarƙashin kwalta. Yanzu dubban mutane ke hallara kowace shekara a farkon Oktoba. Sharaɗin shiga shi ne a zo da keken ƙarfe irin na da, ƙirar da ba ta wuce 1987 ba, mai hannun canza giya a jikin bodi, kuma yawancin mahaya suna sa rigunan ulu irin na wancan zamani. Dabarar ta ci, domin hanyar da ake yi wa kallon alamar ci baya ta koma abin da ke kawo baƙi, masu masauki da masu abinci suna samu.

Doguwar hanyar L'Eroica kilomita 209 ce, kusan rabinta tsakuwa, kuma in aka tara hawan da ke cikinta ya haura mita 3,500. An kafa mata alamu na dindindin, saboda haka ana iya binta a kowane lokaci na shekara, a raba ta kwana biyu ko uku. Bin ta daga farko zuwa ƙarshe yana nuna yanayin ƙasar yankin kusan gaba ɗaya.

Tana farawa a Kiyanti, ƙasar tuddai da dazuzzuka tsakanin Fulorans da Siyena. Nan ake noman inabin Sangiovese wanda ake yin barasar da yankin ya yi suna da ita, kuma tun 1716 mai mulkin Tuskani na lokacin, Cosimo na Uku, ya shata iyakar wannan ƙasar noma da doka. Inabi yana son gangaren tudu inda ruwa ba ya kwanciya kuma rana ke bugu sosai, shi ya sa mai keke a Kiyanti ba ya samun fili miƙaƙƙe: in ba hawa yake ba, to gangara yake. Hawan ba su da tsawo ƙwarai, amma suna da tsauri, kuma ɗaya na bin ɗaya. Ranar taron L'Eroica, masu doguwar tafiya suna tashi tun da asuba da fitilu, su hau tudun fadar Brolio da aka jera wa kyandir a gefen hanya.

Kudu da Siyena ƙasar takan sauya gaba ɗaya. An shiga Crete Senesi ke nan, tuddan yumɓu masu launin toka, babu itatuwa sai jefi-jefi, sai gonakin alkama da garken tumaki. Babu inuwa, iska kuma ba abin da ke tare ta. A nan kogin Arbia yake gangarowa ya haɗu da Ombrone a garin Buonconvento, kuma kwarin kogunan ne kaɗai wurin da ƙafa ke hutawa. Daga kwarin ake hawa zuwa Montalcino, gari ne a kan tudu mai tsayin sama da mita 500, kewaye da gonakin inabi. Gabas da shi kwarin Orcia ne, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada zuwa Roma, Via Francigena, ta ratsa ta nan, kuma wasu sassanta har yau tsakuwa ne.

Wurin da mahaya suka fi jin jiki shi ne Monte Sante Marie, bayan garin Asciano: kilomita 11.5 na tsakuwa, hawa da gangara ba ƙaƙƙautawa. Ƙwararrun 'yan tsere ma suna shakkarsa. Tun 2007 ake yin gasar ƙwararru a waɗannan hanyoyi, wadda yanzu ake kira Strade Bianche, ana yinta a watan Maris, ta mata kuma ta fara a 2015. Ana ƙarewa a dandalin Piazza del Campo da ke tsakiyar Siyena, bayan wani matsattsen hawa cikin gari. Fabian Cancellara ɗan Suwizalan ya ci gasar sau 3, a 2008 da 2012 da 2016, aka sa wa Monte Sante Marie sunansa. Tadej Pogačar ɗan Sulobeniya ya ci a 2022 da 2024 da 2025.

Tsakuwa tana da nata hali. Wajen hawa, in mahayi ya miƙe tsaye a kan feda, tayar baya sai ta yi ta sulɓewa, don haka zama ake yi a kan sirdi a sauko da giya. Wajen gangara kuwa birkin gaba ne abin tsoro: wanda ya matse shi a tsakiyar kwana zai sha ƙasa. Kafin a shiga kwana ake rage gudu. Gargadar da tayoyin mota ke bari tana gajiyar da hannu da kafaɗa. Saboda haka aka ƙera keke na musamman domin irin wannan hanya: kansa a lanƙwashe kamar na tsere, amma tayarsa ta fi faɗi, wajen milimita 38 zuwa 45, ba a cika mata iska tam, birkinsa na faifai ne, kuma yawanci ba tiyub a ciki sai wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramin faci da kansa.

Yanayi ma yana sauya hanyar. A Yuli da Agusta zafi da ƙura ne, ruwan sha kuma yana wuya tsakanin gari da gari. In an yi ruwan sama, yumɓun Crete yakan liƙe a taya da sarƙa har keke ya ƙi motsi. A 2010 gasar zagayen Italiya ta bi ta nan zuwa Montalcino cikin ruwa, 'yan tsere suka iso ba a gane fuskokinsu saboda taɓo, Cadel Evans ɗan Ostareliya ya zo na ɗaya. Lokacin da ya fi dacewa a bi hanyoyin shi ne Afrilu zuwa Yuni, sai Satumba da Oktoba. A waɗannan watanni biyu na ƙarshe ake tsinkar inabi, tarakta tana yawan kai-komo, kuma ya kamata mai keke ya ba ta hanya, domin har yanzu manoma ne masu amfani da waɗannan hanyoyi kullum.