Fitilun ƙari a mota: na hazo dabam, na nesa dabam

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, sararin jahar Maraɗi yakan yi fari fat da hazo. Yawancin ƙurar nan daga nesa take zuwa: masana sun tabbatar cewa kwarin Bodele na arewacin ƙasar Cadi, inda ruwan tafkin Cadi ya taɓa kwanciya a zamanin da, shi ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Lokacin nan kuwa an gama girbi, kasuwanni sun cika, motoci suna ta jigilar gero da wake da bisashe tsakanin Urafan da Tasawa, da kuma ƙauyukan gundumar Mayahi da ke yamma. Kasuwar ƙauye ba ta watsewa da wuri. Kafin a gama ciniki a ɗaure kaya magariba ta yi, tafiya ta zama ta dare, bisa hanyar rairayi wadda amalanken shanu da jakuna da masu ƙafa ke bi ba tare da ko aci-balbal ba.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne direba ya kai motarsa garaji ya ce a ƙara mata fitilu. Ana ganin su a gaban Hilux da Land Cruiser, da manyan kamiyo, har da babura. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, fitilun ƙari iri biyu ne, aikinsu kuma ya sha bamban. Wanda ya ɗauki wannan a madadin waccan, ya kashe kuɗinsa ne ya sayo haɗari.

Ta farko ita ce fitilar hazo, wadda ake rubuta wa antibrouillard a jikin kwalinta. A Turai aka ƙera ta domin raɓar da ke sauka kamar hayaƙi ta rufe hanya, amma a ƙasar nan ƙura ce ta ba ta aiki. Duk direba ya san abin da ke faruwa in ya kunna far cikin hazo: haske ya bugi ƙura ya dawo masa a ido, sai ka ce an shanya farin zane a gaban gilashi. Fitilar hazo ba ta huda ƙura, babu ma fitilar da ke iya wannan. Dabararta ita ce ana ɗaura ta ƙasa-ƙasa, nesa da tsayin idon direba, haskenta kuma mai faɗi ne, an datse shi daga sama, sai ya bi ƙasa ya nuna bakin hanya da sawun taya da kututture, mita kaɗan gaban mota. Fitila ce ta tafiya sannu. Ƙa'idar masu ƙera motoci ta ce tsayinta daga ƙasa kada ya gaza santimita 25, kada kuma ya wuce na fitilar kod. A hanyar daji irin ta Urafan, inda taya ke nutsewa tudun tsakiya ya riƙa shafar cikin mota, gara a tsaya daidai ƙarfen gaban mota; in an sauka ƙasa da nan, rairayi da itace za su cinye ta tun kafin bazara.

Dattawa na tune da Peugeot 404 da 504 masu idanu ruwan ɗorawa. Doka ce ta ƙasar Faransa, wadda aka kafa a 1936, ba a ɗage ta ba sai a 1993. Har yanzu direbobi da yawa sun fi son wannan launi cikin hazo, don ba ya gajiyar da ido kamar fari. Suna da gaskiyarsu, amma wurin da aka ɗaura fitila da yadda aka saita ta sun fi launinta muhimmanci.

Ta biyu ita ce fitilar nesa, longue portée. Haskenta siriri ne kamar mashi, yana zarce inda far ya tsaya. Ta yi suna a ƙasar nan tun da tseren Paris-Dakar ya fara ratsa Agadas a watan Janairun 1979, mutane suka ga motoci ɗauke da jerin manyan fitilu irin na Cibié. Sai dai waɗancan motoci cikin hamada suke gudu, inda ba mai tahowa daga gaba. A daren da sama ta yi garau, cikin dajin da ba kowa, fitilar nesa tana nuna raƙumi ko garken shanu tun da sauran tazara. Cikin hazo kuwa ba ta da wani amfani, ƙara makanta take yi. A kan hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Tasawa tsakanin Maraɗi da Damagaram, tana iya zama ajalin wani. Lissafin a fili yake: motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. Idan haske ya kashe wa direba ido na daƙiƙa 4 kawai, ya yi tafiyar mita 100 ke nan bai ga komai ba, alhali watakila akwai amalanke a gefen kwalta. Yarjejeniyar Biyena ta 1968 kan zirga-zirga bisa hanyoyi ta hana barin babban haske kunne in ana haɗuwa da wani, ta kuma keɓe fitilar hazo ga lokacin hazo ko ruwa mai ƙarfi da makamantansu.

To, sai batun haɗa waya, wanda a nan ne aka fi yin ganganci. Wutar ƙaramar mota bolt 12 ce, ta manyan kamiyo galibi 24. Ƙwan fitila na H3 mai wat 55 yana jan amper 4 da rabi da ɗan ɗori; guda biyu sun haura amper 9. Idan masu wat 100 ne, biyun sun kusa amper 17. Makunnin fitilun mota da siraran wayoyinsa ba a yi su don wannan ƙarin kaya ba. Mai gyaran da ya feɗe wayar far ya liƙa sababbin fitilu a kanta, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi: waya ta yi zafi, robarta ta narke, wata rana cikin dare duk fitilun su mutu gaba ɗaya, ko kuwa hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari.

Maganin abin ɗan ƙaramin akwati ne da bai kai kwalin ashana biyu ba, sunansa rele. Misalinsa kamar sarki da dogari: sarki magana kawai yake yi, dogari ke ɗaga ƙyauren ƙofa. Makunnin da ke gaban direba yana aika wuta ƴar kaɗan, rele kuwa shi ke buɗe wa babbar wuta hanya daga batir kai tsaye zuwa fitilu. Ƙafafunsa huɗu, kowace da lambarta a rubuce, don haka duk wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya duba aikin da aka yi masa da idonsa. Lamba 30 tana zuwa kan batir mai alamar ƙari. Lamba 87 tana zuwa fitilu. Lamba 85 ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. Lamba 86 ita ke karɓar umarni daga makunni. Wayar 30 da ta 87 su zama masu kauri, milimita 2,5, na jan ƙarfe na gaske. Araha ba ta ado.

Tsakanin batir da lamba 30 wajibi ne a sa fizibil, wanda a Najeriya ake ce wa fis, kuma kada nisansa da batir ya wuce taƙi guda, don duk wayar da ke gabansa ba ta da mai tsaro. Mai amper 15 ya ishi fitilu biyu masu wat 55. Fizibil an yi shi ne don ya ƙone a madadin mota. In ya ƙone, akwai dalili, dalilin za a nema. Masu naɗa masa zaren waya ko takardar azurfar kwalin taba su mayar, su tuna cewa motar kasuwa ba ta rabuwa da jarkar mai da buhuna da mutane a bisa kaya.

Wurin da makunni ke ɗauko wutarsa shi ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Na fitilar hazo, daga wayar ƙananan fitilun gefe ake ɗaukowa, yadda in an kashe fitilun mota ita ma ta mutu, kada a wayi gari batir ya kwanta a ƙauyen da ba mai turi. Na fitilar nesa kuwa daga wayar far ake ɗaukowa, ba daga wani wuri ba. Da haka, da zarar direba ya sauko kod don mai tahowa, fitilun nesa sun mutu da kansu, ba sai ya laluba wani makunni ba. Akwai motocin Japan da yawa, har da wasu Toyota, waɗanda makunnin fitilunsu ta ɓangaren ƙarfen jiki yake yanke wuta. A irinsu sai mai gyara ya gwada da ƙwan gwaji tukuna, in ba haka ba fitilu su ƙi mutuwa.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma hanya mai gargada ba ta yafe su. Inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, don girgiza tana sa ƙarfe ya yanke ta sannu a hankali. A kankare fenti da tsatsa a wurin ɗaure waya a jikin mota. Mahaɗa a matse ta da kan waya na ƙarfe, ba murɗawa da naɗin leda ba. Kada kuma a jera manyan fitilu su toshe wa lagireto iska, ganin zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40.

A ƴan shekarun nan fitilun LED sun cika kasuwannin Maraɗi da Tasawa, dogaye kamar sanda, ana kafa su bisa rufin mota. Ba su cin wuta kamar na da, wannan gaskiya ne, amma yawancin masu arahar ba su da datsi, ko'ina suke watsa haske. Wadda ke bisa rufi kuwa ta fi kowace muni cikin hazo, don ƙurar da ke daidai idon direba take haskawa. Hukuncinta hukuncin fitilar nesa ne: rele, fizibil, kuma ta mutu tare da far.

Shugabannin ma'aikatu da magadan gari masu kula da motocin gwamnati, musamman motocin ɗaukar marasa lafiya da ke fita ko da wane lokaci zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, ya kamata su sa a duba musu wannan aiki tun kafin hunturu ya kama. Saitin ma ba ya bukatar wata na'ura. A tsayar da mota a fili mai daidai, mita 10 daga bango, da dare, da irin kayan da ta saba ɗauka, don nauyin baya yana ɗaga mata kai. A auna tsayin fitilar hazo daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsayi. Bakin haskenta na sama ya faɗi kamar santimita 20 ƙasa da layin. Na fitilar nesa kuwa, tsakiyar haskenta ta zauna daidai tsayinta, ba sama ba. Daga nan a ƙara ɗaure kusoshi, a sake dubawa bayan tafiyar kasuwa biyu ko uku, don gargada tana kwance su.