Batsa a Bakin 'Yan Gambara

A Ingila ta ƙarni na 17 da na 18, waƙoƙin barkwanci masu batsa sun samu shiga littattafai; Thomas D'Urfey ma ya fitar da juzu'i shida tsakanin 1719 da 1720. A ƙasar Hausa kuwa alƙalami na hannun malamai, su ko wa'azi da madahu suka sa gaba. Don haka batsa ta tsaya a bakin 'yan gambara, masu bin kasuwanni irin na Gusau da Tsafe da Bungudu, wani na faɗa wani na amsawa, su tsara labarin kwarto ko karuwa har marowaci ya sayi mutuncinsa. Da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999 fagen ya ƙuntata, alhali abin da aka rubuta daga bakinsu bai taka kara ya karya ba.