Hattara da Ƙaramin Zarto Mai Batir

Jama'a, a dakata kafin a biya kuɗi. Da zarar iskar farkon damina ta fara karya rassan darbejiya da gawo tana zubarwa a hanyoyin gona, sai kasuwar ƙananan zartuna masu sarƙa da batir ta buɗe. Ba su da nauyi, ba sa cin fetur, ba sa ruri. Wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane har su ɗauke su kamar wasa.

Zarton fetur yana gurnani ko ba a yanka komai, kowa ya san a kunne yake. Na batir kuwa shiru yake yi, amma muddin batirin na jiki, ɗan matsi da hannu ya isa ya tashe shi. Don haka a cire batir kafin a ɗaure sarƙa, kafin a zaro itacen da ya maƙale, kafin a miƙa wa wani.

Babban haɗarin yana kan hannun hagu. Masu tsawon inci 4 ko 6 ana iya riƙe su da hannu guda, sai mutum ya dafa reshe da ɗayan, tazarar ba ta kai taƙi ba. Idan saman bakin zarton ya taɓa wani reshe ko dutse, yakan yi harbi da baya irin na jaki, kafin ka ƙifta ido ya iso. Manya suna da birkin sarƙa saboda wannan. Yawancin ƙananan ba su da shi, murfin roba kawai aka ɗora musu. Wanda zai riƙa yanka reshe mai kaurin cinya ya nemi mai inci 10 ko 12, mai mariƙi biyu da birki da tankin man sarƙa. Ƙaramin na sassabe ne.

Kada kuma lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Batirin da aka rubuta wa 21V, ainihinsa 18V ne, an faɗi ƙarfinsa ne lokacin da ya cika maƙil. Masu 88V da 98V a ɗan batir mai girman dunƙulen hannu kuwa, kurari ne kawai. Akwai kuma jabun da aka yi wa fentin Makita ko Stihl. Batirin irinsu shi ne abin tsoro: kada a yi cajinsa cikin rana ko da zafinsa bayan aiki, kada a bar shi a jone a kwanta barci. In ya kumbura, a rabu da shi.

Reshen da ya faɗi ma ba lallai ya huce ba. Wanda ya lanƙwashe a ƙarƙashin wani yana ɗauke da ƙarfi, kana yanke shi zai zabura ya doki fuska ko ƙwauri. Duba inda ya danne, ka tsaya ta gefe. In da wayar wuta a cikin ganyen, kada ka taɓa ko da an ɗauke wuta. A kira ma'aikatan lantarki.

Babbar riga da rawani da gyale ba kayan wannan aiki ba ne, silifas ma haka. A sa takalmi rufaffe da safar hannu da tabarau, kada a yanka abin da ya wuce kafaɗa. In an dawo gida, zarto daban, batir daban, inda yara ba sa kaiwa.