Sa Ido a Kan Sababbin Cututtukan Aladu: Abin da Ya Kamata Jama'a Su Sani

Dattawan makiyaya ba su manta da ɓarnar da ciwon bushiya ya yi wa shanu a ƙasar nan cikin 1983 ba. An ci nasarar kawar da wannan ciwo daga duniya baki ɗaya a 2011, ta hanyar allurar rigakafi da kuma kai rahoto da wuri. Irin wannan sa ido ne ake bukata game da cututtukan da ke ɓulla cikin aladun kiwo. Ana kiwon aladu a jihohi da dama, kamar Legas, Ogun, Binuwai, Filato da kudancin Kaduna, kuma kasuwar aladu ta Kafanchan tana cikin mafiya girma a ƙasar nan. Amma batun bai tsaya ga masu kiwo kaɗai ba, domin wasu daga cikin cututtukan suna iya tsallakawa zuwa ga mutumin da bai taɓa kusantar alade ba.

Mece ce bairus?

Bairus wata irin ƙwayar cuta ce mai matuƙar ƙanƙanta, wadda madubin likita na yau da kullum ba ya iya nunawa. Ba ta hayayyafa sai cikin jikin mai rai. Kowace bairus tana ɗauke da ƙwayoyin gado, watau wani dogon jeri na sinadarai iri huɗu, wanda masana ke karantawa kamar rubutu mai haruffa huɗu. Duk lokacin da ta hayayyafa sai an kwafi wannan rubutu, kuma wajen kwafa akan sami kuskure nan da can. Tarin waɗannan kurakurai ne ke haifar da sabon nau'i.

Bairus ɗin mura tana da wata hanya ta biyu. Ƙwayoyin gadonta sun kasu gutsure 8. Alade kuwa yana iya kamuwa da murar tsuntsaye da ta mutane da tasa. Idan iri biyu suka haɗu cikin dabba ɗaya, suna iya musayar gutsattsarin nan, a sami sabuwar mura wadda jikin ɗan Adam bai san ta ba, balle ya yi mata garkuwa.

Darasi daga ƙasashen waje

A 1998 wani zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa ya ɓarke tsakanin masu kiwon aladu a Malesiya. Da fari an zaci wani sanannen ciwo ne da sauro ke yaɗawa, sai aka duƙufa ga feshin maganin sauro, mutane kuwa suna ta mutuwa. Sai a watan Maris na 1999 aka gano sabuwar bairus ce, aka raɗa mata suna Nipah. Asalinta daga jemagu masu cin 'ya'yan itace ne. An dasa itatuwa dab da garkunan aladu, jemagu su ci su yar da saura, aladu su tsinta, daga nan ciwon ya kama masu kula da su. Mutum 265 suka kamu a Malesiya, 105 suka rasu, aka kuma hallaka aladu fiye da miliyan ɗaya kafin a shawo kan annobar.

Har wa yau, a 2009 wata sabuwar mura mai laƙabin H1N1 ta ɓulla a Meziko da Amurka. Ran 11 ga Yuni na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ta zama annobar duniya. Da aka karanta ƙwayoyin gadonta, sai aka ga gamin gambiza ce ta murar aladu da ta tsuntsaye da ta mutane. Da an riƙa binciken garkunan aladu a kai a kai, da wataƙila an hango ta tun ba ta kai ga jama'a ba.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Ciwon da ya fi yi wa masu kiwo ɓarna a nan shi ne zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyanawa a Kenya cikin 1921. Wajibi ne a fahimci cewa wannan ciwo ba ya kama mutum. Amma idan mai tsanani ya shiga garke yakan kashe kusan dukan aladun cikin mako ɗaya ko biyu, kuma babu maganin da ke warkar da shi. Ya ɓarke a Kwaddebuwa a 1996, sa'an nan a 1997 ya shigo Nijeriya ta iyakar Jamhuriyar Benin, ya bazu zuwa jihohi da yawa. A 2020 ya auka wa babbar gonar aladu ta Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun, inda aka yi hasarar dubban ɗaruruwan dabbobi, iyalai masu yawa suka rasa abin dogaro.

A nan ne amfanin binciken ƙwayoyin gado ya fito fili. Masana sun kasa wannan bairus gida 24. Tun 1997 gida na ɗaya ne aka saba gani a Afirka ta Yamma, amma binciken annobar 2020 ya nuna gida na biyu ne, watau dangin wanda ya shiga ƙasar Jojiya a 2007, ya ratsa Rasha da gabashin Turai, ya kai Sin a 2018. Wannan ya tabbatar wa likitocin dabbobi cewa wani baƙon nau'i ne ya shigo, ba tsohon ne ya farfaɗo ba.

Game da mura kuwa, an tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006. Bayan da ta sake dawowa a 2015, masana na Vom sun sami alamunta cikin aladun da aka kai mahauta a Jos. An kuma sami murar 2009 cikin aladu a Legas, abin da ya nuna mutane ma suna harbin dabbobinsu.

Yadda ake binciken

Malaman dabbobi suna ɗibar jini da majina, ko yankin saifa idan dabbar ta mutu, daga gonaki da kasuwanni da mahauta. Ana sa su cikin ƙanƙara a aika Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda ke wannan wuri tun 1924. A can akan fara tabbatar da irin bairus ɗin, kana a karanta jerin ƙwayoyin gadonta, a kwatanta da na sauran ƙasashe. Kamar yadda ake gane dangi ta kamanni, haka kusancin rubutun nan ke nuna inda cuta ta fito, da hanyar da ta bi, da ko ta fara sauyawa. Duk da haka, na'ura ba ta bincika abin da ba a kawo mata ba. Tushen aikin shi ne rahoton mai kiwo.

Abin da ake bukata daga jama'a

Idan aka ga aladu sun daina cin abinci, jikinsu ya yi zafi, kunnuwa da ciki sun yi ja, suna amai ko zawo mai jini, ko suna mutuwa kwatsam, a sanar da ofishin likitan dabbobi na Ƙaramar Hukuma ko na Jiha nan take.

Kada a yi gaggawar sayar da dabba mai ciwo don gudun hasara. Wannan ita ce babbar hanyar da ciwo ke bi daga gari zuwa gari.

Kada a jefa mushe a rafi ko juji. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙone.

A killace aladu, a raba su da kaji da agwagi, a nisanta garke da itatuwan da jemagu ke sauka.

Kada a ba su ragowar abincin da ke da nama sai an tafasa shi sosai, domin bairus ɗin zazzaɓin aladu takan yi watanni da ranta cikin nama.

A ware sabuwar dabba wajen wata guda kafin a haɗa ta da garke. A wanke takalma da motoci da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Mai fama da mura kada ya shiga garke. Ma'aikacin gona ko mahauci da zazzaɓi ya kama, ya tafi asibiti, ya kuma faɗa wa likita irin aikinsa.

Hakimai da dagatai da shugabannin kasuwanni suna da babban aiki wajen isar da wannan saƙo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rahoton da aka kai yau yana iya tsirar da garkunan maƙwabta da lafiyar gari baki ɗaya.