Mista Bin a Silima: Shirmen Minti 10 Zai Iya Riƙe Fim Ɗin Minti 90?

Ranar 1 ga Janairun 1990 tashar ITV ta Ingila ta fara nuna wani mutum mai matsattsiyar kwat da jan nakatayi, wanda ya shiga ɗakin jarrabawa ya ƙare da leƙen takardar maƙwabcinsa. Shi ne Mista Bin, wanda Rowan Atkinson ya ƙirƙira tare da marubuci Richard Curtis. Kashi 15 kacal aka yi zuwa 1995, amma ya zagaye duniya, har gidajen kallo na ƙasar Hausa, domin ba a buƙatar Turanci kafin a gane mutumin da kansa ya maƙale a cikin talotalo.

Yawancin kashi kusan minti 25 ne, kuma a ciki akwai gajerun labarai biyu ko uku. Bin zai shiga coci ko wurin likitan haƙori, ya tafka ta'asa, ya sulale. Ba ya nadama, ba ya koyon darasi, gobe ma haka zai yi. Irin wannan barkwanci na faɗuwa da ɓarin kaya kamar yaji yake: yana gyara tsire, amma ba a cika kwano da shi a ce ga abinci. Fim ɗin silima kuwa yana neman labari mai farko da ƙarshe, da jarumin da mai kallo zai damu da halin da ya shiga.

A 1997 darakta Mel Smith ya gwada da fim ɗin Bean. An mayar da Bin mai gadi a gidan adana zane-zane na Landan, inda shugabanninsa suka gaji da shi, suka tura shi Los Angeles a matsayin ƙwararren masani. Can aka bar shi shi kaɗai da wani zane da aka saya dala miliyan 50. Ya yi atishawa a kansa. Ya ciro hankici ya goge, ashe biro ya zubar da tawada a hankicin. Ya ɗauko ruwan wanke fenti ya shafa, fuskar matar da ke zanen ta narke. Sai ya zana wata fuskar da hannunsa, irin zanen 'yan firamare. Wannan wuri shi ne Bin na ainihi, kowane gyara yana haifar da ɓarnar da ta fi ta baya.

Amma don a cika minti 90, sai da aka haɗa shi da wani magidanci Ba'amurke da aurensa ke tangal-tangal, aka sa Bin ya yi jawabi a gaban taro, har ya ceci rai a asibiti. Masu sharhi da dama sun ce an ɓata shi da surutu da tausayi. Kasuwa ba ta saurare su ba: fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 200.

Bayan shekara 10 aka sauya dabara. A Mr. Bean's Holiday na 2007, Bin ya ci kyautar tafiya hutu Cannes a kudancin Faransa. Tunda ba ya jin Faransanci, sai bakinsa ya sake mutuwa, jikinsa ya koma yin magana. Labarin kuma bai wuce ya isa bakin teku ba, sai aka jera shirmen a kan hanya: ya juye kawar teku a jakar wata mata a gidan abinci, ya yi rawa a kasuwa don samun kuɗin mota. Tun 1953 Bafaranshe Jacques Tati ya yi irin wannan fim da jaruminsa Monsieur Hulot, wanda Atkinson ya sha cewa ya yi tasiri a kansa.

Wasu ma silima ce ta cece su. A Amurka an soke shirin Police Squad! a 1982 bayan kashi 6 kawai, amma ɗan sandansa wawa, wanda Leslie Nielsen ya fito a matsayinsa, ya dawo a The Naked Gun a 1988, aka ba shi aiki guda, ya hana a kashe Sarauniyar Ingila. Ya karɓu har aka ƙara biyu a 1991 da 1994. Shi kuwa It's Pat na 1994, da aka tsamo daga shirin Saturday Night Live, duk ya rataya ne a kan raha ɗaya tak, bai tara ko dala dubu 100 ba.

Masu camama a Kano sun san wannan matsala. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, halinsa ɗaya ne kusan a kowane fim, sai dai a sauya masa riga da sana'a, kamar a Ibro Awilo da Ibro Usama.

Ɗan barkwancin talabijin yana tsira a silima idan aka ba shi buri guda mai sauƙi, aka kewaye shi da masu hankali da za su sha wahalarsa, aka kuma ƙyale masa halinsa. Ko da hakan, ba a yi fim ɗin Bin na uku ba tun 2007. Ya ci gaba da rayuwa ne a zanen katun da aka fara a 2002, mai gajerun labarai na kusan minti 11.