Silifas Ba Birki Ba Ne



Idan an tashi daga makaranta, ku lura da yadda wasunmu suke tsayar da keke. Wani ya danna silifas a kan taya, wani ya riƙa jan ƙafa a ƙasa. A garinmu Rurum mai duwatsu da gangara, wannan ganganci ne. A daminar bara abokina ya gangaro da goyon ƙaninsa, akuya ta gifta, ƙafa ta kasa tsayar da su. Sati uku bai iya riƙe biro ba.

Birkin keke iri uku muka fi gani. Na farko birkin sanda, na kekunan iyayenmu irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin. Yana da ƙarko, amma idan taya ta karkace ba ya kamawa sosai. Na biyu birkin waya, wanda yawancin kekunanmu na makaranta suke da shi. Gyaransa ba tsada, sai dai wayar tana saki, tana kuma tsatsa. Na uku birkin faifai. Shi ya fi kamawa a cikin ruwa da taɓo, amma ba kowane keke yake da wajen ɗaura shi ba. Kada ka ɓata kuɗinka kafin ka tambayi mai gyara.

Sau da yawa abin da kekenka yake buƙata sabuwar roba ce kawai. Dubi robar birkinka. Idan zanen jikinta ya shafe, ta ƙare. Matse hannun birki. Idan ya taɓa kan keke, waya ta saki, a ja ta. Kada ka bari mai ya taɓa robar ko ƙarfen da take kamawa, domin santsi za ta yi.

Birkin gaba ya fi na baya ƙarfi, amma idan ka fizge shi shi kaɗai zai iya wuntsula ka. Matse biyun tare, a hankali. Kuma ka sani, idan gudunka ya ninka sau 2, nisan da za ka yi kafin ka tsaya yakan ninka sau 4.

Gobe da safe, gwada birkinka tun a ƙofar gida. Allah Ya tsare mu.

Daga ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida