Yuraniyom ɗin da Ba Ya Ci da Kansa

A cikin yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit tun 1971, wanda tashoshin nukiliya suka dogara da shi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Shi ne U-235, kashi 0.7 kacal. Saura kusan duk U-238 ne, wanda ba ya riƙe wuta da kansa, galibi tara shi ake yi a ajiye. Wannan asara ce ta sa nake bibiyar wata dabara da masanin kimiyya Hans Bethe ya tsaya mata a 1979.

Tashoshin yau fasa ƙwayar zarra mai nauyi suke yi. Rana kuwa haɗe ƙanana take yi. Kwaikwayon rana ya daɗe yana ba masana wuya, domin sai an gasa haidirojin mai nauyi ya haura digiri miliyan 100. A Disambar 2022 cibiyar Lawrence Livermore ta Amurka ta harba hasken lesa mai ƙarfin megajul 2.05, ta samu 3.15. Duniya ta ɗauka, amma na'urorin sun sha kusan megajul 300 na lantarki kafin su yi harbin. Ina riba?

Dabarar da Bethe ya tsaya mata ita ce a haɗa biyun, fasawa da haɗewa. A girka injin haɗewa a tsakiya, a lulluɓe shi da U-238 ko toriyom. Duk haɗewa ɗaya tana wurgo ƙwayar niyutiron mai tsananin gudu, wadda ke iya tarwatsa U-238 ɗin nan mai taurin kai. Fashewa ɗaya kuma tana ba da makamashi fiye da ninki goma na haɗewa ɗaya. Ke nan ba dole ba ne injin tsakiya ya ci riba, aikinsa na zugazugin maƙeri ne: yana hurawa gawayi na ci, ya tsaya wuta ta lafa. Nan ne dabarar ta fi burge ni, domin an tsara lulluɓin yadda fashewar ba za ta iya ci gaba ita kaɗai ba.

Sai dai masu tallarta ba su cika faɗin sauran zancen ba. Ko an kashe injin, ragowar sinadaran na ci gaba da fitar da zafi, kuma irin wannan zafi ne ya narkar da tukwanen tashar nukiliya ta Fukushima a 2011 da ruwan sanyayawa ya yanke. Sannan U-238 idan ya haɗiye niyutiron yakan rikiɗe ya zama fulutoniyom, abin da ake ƙera bam da shi. Ga tsadar injin haɗewa, ga sharar nukiliya, duk a gida ɗaya.

Rasha da Sin na ta bincike a kai, amma har yau babu tashar irin wannan ko ɗaya da ta kunna wa wani ƙwan lantarki. Ni dai ba zan ba wata gwamnati shawarar ta jingine hasken rana ko iskar gas ta zauna jiranta ba.